Mene ne ancobi, kuma yaya ake girki da shi?

Hajiya, Agege:
Assalamu alaikum. Na ga wani ɗan gwangwani a kanti a Ikeja an rubuta masa anchovy, kuma duk da ƙanƙantarsa ya fi sadin tsada nesa ba kusa ba. Ina son sanin asalin sunan, da kuma ko ana cin sa da burodi kamar sauran kifin gwangwani.

Malam, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ancobi ƙaramin kifin teku ne mai maiƙo, wanda danginsa suka kai wajen iri 140. Turancin Ingilishi ya aro sunan daga Sifaniyanci da Fotugisanci a ƙarshen ƙarni na 16, amma masana sun saɓa a kan tushensa na farko, domin wasu suna danganta shi da kalmar Girkanci ta ƙananan kifaye wadda ta biyo ta Latin, wasu kuma da kalmar mutanen Bask (wata ƙabila a arewacin Sifaniya da kudu maso yammacin Faransa) mai nufin busasshe. Ƙasar Peru ce kan gaba wajen kamunsa, sai dai mafi yawansa niƙa shi ake yi ya zama abincin kaji da kifin kiwo.

Kuku, Obalende:
Hajiya, kada ki sa shi cikin burodi yadda kike sa sadin, gishirin zai yi miki yawa. Wanda kika gani an jera shi ne cikin gishiri na tsawon watanni kafin a zare ƙayarsa a zuba masa mai, kuma wannan aikin ne ya sa yake tsada. Matsayinsa a tukunya irin na daddawa ne. Ki sa sala biyu ko uku cikin mai tare da albasa a kan wuta kaɗan, za su narke su ɓace, sannan ki zuba tumatir. Ki jinkirta gishiri da magi har sai kin ɗanɗana. Mutanen Italiya haka suke yi wa miyar taliya.

Ɗan kasuwa, Mile 12:
Ranki ya daɗe, idan miyar kuka ko kuɓewa za ki yi, a ganina ba sai kin sayi na gwangwani ba. Ana kama ancobi a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, musamman Ghana, inda ake shanya shi a rana a sayar da shi busasshe. Ki wanke shi sosai saboda yashi, ki cire kawunan don suna da ɗaci, sannan ki daka.