Layin gudu da wuraren shan gaba a filin gokat: ina neman shawara

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata uku ke nan da na fara zuwa filin gokat, wato ƙananan motocin tseren nan masu kujera ɗaya, motar haya nake hawa, kuma na sa sunana a gasar 'yan koyo da za a yi nan da sati uku. Damuwata biyu ce. Lokacina ya tsaya cak, ina yin zagaye ɗaya a daƙiƙa 44 da ɗoriya, alhali waɗanda suka iya suna yi a 42 da motocin nan dai da nake hawa. Sannan idan na kamo wani sai in maƙale a bayansa har a kaɗa tutar tashi, na rasa ta inda zan wuce shi. Filin yana da doguwar miƙaƙƙiyar hanya ɗaya da ta ƙare da kwana mai siffar U, daga nan sai hagu da dama a jere, can ƙarshe kuma wata kwana mai faɗi da ke mayar da kai kan miƙaƙƙiyar. Me zan fara gyarawa?

Tsohon Direba:
Wa'alaikumussalam. Ƙanena, kafin a ce komai, gaya mini: a wace kwana kake jin kana asarar lokaci?

Sabon Shiga:
A kwanar U ɗin nan, Yaya. Ina jinkirta birki iya iyawata amma duk da haka suna tsere mini.

Tsohon Direba:
Na zaci haka za ka ce. Kusan duk sabon shiga idonsa yana kan shiga kwana, saboda a nan zuciya take bugawa, amma lokaci a wajen fita ake samunsa. Kwanar da ta fi muhimmanci a filinku ita ce mai faɗin nan ta ƙarshe, domin duk gudun da ka fito da shi daga cikinta, shi za ka ɗauka har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. Idan ka fito da rauni, babu abin da totur zai yi maka, kowa ma ya taka nasa har ƙasa.

Ga yadda layin yake. A ce kwanar hagu ce, to ka tunkare ta daga can gefen dama na kwalta. Ka karya sitiyari sau ɗaya, ka zo ka shafi gefen ciki a wuri ɗaya, wanda muke kira cibiyar kwana, sannan ka bar motar ta buɗe da kanta zuwa gefen dama. Manufar ita ce ka miƙar da kwanar gwargwadon iko, domin kwana mai faɗi ta fi matsattsiya ɗaukar gudu. Wannan kowa ya sani. Abin da ake yawan kuskurewa shi ne wurin da za a taɓa cikin. Mai koyo yana ganin kwana sai ya faɗa mata da wuri, ya shafi ciki tun a farkonta, sai ya tarar hanya ta ƙare masa a wajen fita, dole ya saki totur ko ya ƙara murɗa sitiyari. A kwanar da miƙaƙƙiyar hanya ke biye da ita, ka yi haƙuri kaɗan kafin ka karya, ka taɓa ciki bayan ka wuce tsakiyar kwanar. Za ka ga hancin motar ya riga ya kalli inda za ka, sai ka taka totur da wuri ba tare da ka sake ɗaga ƙafa ba. Ma'aunina a nan mai sauƙi ne: in ka taka totur sannan ka sake ɗagawa kafin ka fita, ka shiga da wuri.

Hagu da daman da ke jere kuwa, kada ka ɗauke su a matsayin kwana biyu. Ka sadaukar da ta farko, ka fito daga cikinta a matse ta ɓangaren da zai buɗe maka ta biyu.

Makanike:
Bari in ƙara da dalilin da ya sa maganar Tsohon Direba ta fi ƙarfi a gokat fiye da mota. Gokat ba ta da shokozoba, kuma tayoyin bayanta biyu a kan sandar ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa da gudu ɗaya. A motar titi akwai abin da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa a kwana, a gokat babu shi. Saboda haka sai tayar baya ta ciki ta yi sauƙi, har ta ɗan ɗaga daga ƙasa, kafin motar ta yarda ta juya. An tsara gaban motar ne yadda karya sitiyari zai taimaka wajen ɗaga ta. In ka kwanto da jikinka cikin kwana kamar mai babur, ka danne wannan tayar ke nan, motar sai ta ƙi juyawa, ta riƙa turawa gaba. Ka zauna daram a kujera, in ma za ka jingina to waje za ka jingina.

Na biyu, motocin haya da yawa injin Honda GX270 ne a jikinsu, ƙarfinsa bai wuce doki tara ba, babu giya. Injin irin wannan in gudunsa ya faɗi yana daɗewa kafin ya farfaɗo. Duk ƙarar tayar da ka ji tana kuka a kwana, gudu ne kake zubarwa. Birkin kuma a baya kawai yake, ba kamar gokat ɗin gasa na ajin KZ mai giya shida da birkin gaba ba, shi ya sa in ka danna shi da ƙarfi sitiyari yana karye sai bayan motar ya ƙwace. Ka gama yawancin birkinka mota tana miƙe. Kuma don Allah kada ka taka birki da totur lokaci ɗaya, kana ƙona kuloci ne kawai.

Lamba 14:
Duk wannan gaskiya ne, amma tambayarsa ta biyu fa? Ni a ganina wurin shan gaba ɗaya ne a irin wannan fili, ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. Ka fito ta ciki, ka jinkirta birki fiye da shi, ka riga shi isa cibiya. Shi ke nan. Wanda ya tsaya lissafi da yawa a baya zai gama.

'Yar Tsere:
Ɗan'uwa Lamba 14, wurin daidai ne, amma yadda ka faɗa zai sa yaron nan ya daki wani a gefe ya karɓi hukunci. Shan gaba a kwanar U ba a kwanar U yake farawa ba, tun a kwana mai faɗin nan ake ƙulla shi. Sabon Shiga, na tabbata kana manne wa bayan na gabanka tun daga shigarta. In ka yi haka, gudunsa ya zama gudunka, ya taka birki ka taka, ya fito a hankali ka fito a hankali. Ka bar tazarar tsawon mota ɗaya ko biyu kafin ku shiga, ka yi kwanar da layinka, ka taka totur kafin shi. Tazarar da ka bari za ta rufe da kanta a farkon miƙaƙƙiyar, ka fake a bayansa ya tsaga maka iska, kusa da ƙarshe sai ka zame ta ciki kana da rarar gudu. Kafin ku isa wurin birki ka riga ka jera da shi, ya gan ka. A lokacin ba ka buƙatar wata jarumtar birki, ka taka a inda ka saba ko gaba kaɗan, cikin naka ne.

In kuwa hancinka bai kai gefensa ba lokacin da zai karya sitiyari, ka janye, zagaye na gaba yana nan.

Akwai kuma wadda na fi so. In ya ga kana zuwa sai ya tsare ciki, to ya matse wa kansa kwana, dole ya fita da faɗi kuma a hankali. Kai sai ka tsaya a waje, ka yi birki da ɗan wuri, ka bari ya wuce ta gabanka ya buɗe, ka yanko ta bayansa zuwa ciki ka fito da gudu. Ana ce mata sauya layi ko almakashi, saboda layukanku suna gittawa. Kuma ita ce za a yi maka in ka bi shawarar jinkirta birki ba tare da ka iya riƙe motar a gefen ciki a cibiya ba.

Lamba 14:
Na yarda da batun tazara, Yaya. Amma ban janye ba gaba ɗaya. A gasar motocin haya da ake yi minti goma ko sha biyu, in ka jira dama mai tsabta kullum, tuta za ta riske ka. Wani lokaci sai ka nuna masa hanci sau ɗaya ko biyu ko da ba za ka wuce ba, ya fara waige, ya fara tsare ciki tun babu dalili, daga nan kuskurensa ke fitowa.

'Yar Tsere:
Wannan kam na amince. Nuna hanci daban, cusa kai daban.

Mai Agogo:
Ni shawarata kan yadda za ka yi amfani da sati ukun nan ce. Daƙiƙa biyu tana yi maka kallon dutse, amma ka raba ta. In filin yana da kwana goma, kashi biyu cikin goma na daƙiƙa a kowace kwana ke nan. A gudun kilomita 60 a awa kana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, don haka kashi ɗaya cikin goma bai kai mita biyu ba, kusan tsawon gokat ɗinka. Abin da ake nema ke nan a kowace kwana, tsawon mota biyu.

Ka roƙi masu filin su bar ka ka taka shi da ƙafa kafin a buɗe ko bayan an tashi. Za ka ga baƙin layin roba da tayoyi suka shimfiɗa, shi ne layin da masu gudu ke bi, za ka kuma ga dakalin gefen da ya kwanta wanda za a iya hawa da wanda ya yi tudu da zai jefar da kai. Ka zaɓi alamar birki da ba ta motsi, fenti ko tsagar kwalta ko sandar shinge. Kada ka ɗauki inuwa, rana tana tafiya da ita.

Kowane shiga ka gyara kwana ɗaya kawai, sauran ka bar su yadda suke, sannan ka karɓi takardar lokutan zagaye ka duba. In ka sauya abu biyar a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kada ka dubi zagayenka mafi sauri kaɗai, ka dubi ko kana iya jera biyar da tazararsu ba ta wuce kashi biyu ko uku cikin goma ba. Masu motar kansu suna sa agogon auna lokacin zagaye irin MyChron ko Alfano, amma kai a motar haya takardar nan ta ishe ka. Kyamara a hular kwano tana taimakawa ƙwarai, sai dai ka tambaya tukuna, ba kowane fili ke yarda ba.

Tsohon Direba:
Ka kuma nemi ɗaya daga cikin masu 42 ɗin nan ka ce ya ja ka zagaye uku ko huɗu. Kada ka kalli bayan motarsa, ka kalli hannunsa da inda yake karyawa. Idonka kuma ya riƙa riga motar: kana birki kana kallon cibiya, kana cibiya kana kallon mafita. Mota inda ido ya tafi take bi.

Kada ka raina abin da kake koyo a nan. Lewis Hamilton, wanda ya sha lashe gasar tseren motoci ta duniya ta Formula 1, yana ɗan shekara 8 ya fara gokat. Ayrton Senna kuwa, shi ma tsohon zakaran gasar, da aka tambaye shi a 1993 wanda ya fi jin daɗin karawa da shi, Terry Fullerton ya ambata, abokin hamayyarsa na zamanin gokat.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: filin a waje yake, in an yi ruwa ranar gasar fa? Layin nan dai zan bi?

Makanike:
A'a, nan komai yana juyewa. Baƙar robar da ke ba ka riƙo a bushe ita ce ta fi santsi in ta jiƙe, motocin haya kuma galibi da tayoyinsu marasa zane ake barinsu ko ana ruwa. Ka yi birki a gefen layin da aka saba, ka zagaya kwana ta waje inda kwalta ke da kaushi, ka tsallake baƙin layin mota tana miƙe. Fenti da dakali kada ka taɓa su. Jingina waje ta fi amfani a nan, don tana danna tayoyin waje su kama ƙasa. Ko a bushe ma, zagaye na farko tayoyi da sanyi suke, ka riƙa taka birki da ɗan wuri.

'Yar Tsere:
Ka kuma saurari bayanin tutoci da za a yi kafin a fara, domin filaye suna ɗan bambanta. Rawaya dai a ko'ina rage gudu ce, ba a wuce kowa a ƙarƙashinta. Shuɗiya tana gaya maka mai sauri yana bayanka zai zagaye ka, ka riƙe layinka ka bar shi ya wuce, kada ka yi kwana ba zato.

Sabon Shiga:
Na dawo da labari. Jiya na shiga sau uku, kwana mai faɗin nan kawai na yi ta gyarawa kamar yadda Mai Agogo ya ce. Da farko jinkirta karya sitiyarin ya yi mini kamar ina tafiya a hankali, amma takarda ta nuna 43.4, kuma na jera huɗu kusa da haka. Na gwada barin tazara, na wuce mutum biyu kafin ma mu kai wurin birki. Na uku ya tsare ciki, na so in yanko ta bayansa amma na makara wajen karyawa. Sati mai zuwa hagu da daman zan kama. Yaya Tsohon Direba, a ta farkon, totur zan ɗaga kawai ko sai na taɓa birki?

Tsohon Direba:
Fara da ɗaga ƙafa kawai. In ka ga kana isa ta biyu a gefen da bai dace ba, to ka ɗan shafi birki kafin ka karya ta farko, ka duba takarda ka gaya mana wanne ya fi.