Masu amfani da tonar ganyayyaki ta Indiya ku zo mu ji yadda ta karɓe ku

Maman Afnan:
Salam 'yan uwa, don Allah masu zama Indiya da waɗanda ake kawo wa tsaraba ku matso. Ƙanwar maigidana ce ta raka mara lafiya Delhi ta dawo min da wata tona ta fuska, irin ruwan nan da ake goge fuska da shi bayan an wanke, a jiki an rubuta wai ganyayyaki ne zalla kuma don fatar Indiyawa aka yi ta. Abin da na iya karantowa akwai ruwan wardi, neem, tulsi, alobera da kokwamba, sai wasu dogayen sunaye da na kasa faɗa. Fuskata mai maiƙo ce ga ƙuraje suna ɗan fito min a haɓa, tsorona kar in shafa abin da ba don irin fatarmu aka yi ba. Wacce ta gwada ta faɗi gaskiya don Allah, banda 'yan talla.

Zee Bangalore:
Hhh anti wannan rubutun na "fatar Indiyawa" kasuwanci ne kawai. Ajinmu akwai 'yar Kashmir fara tas, akwai 'yan Tamil Nadu da Kerala waɗanda wallahi wasunsu duhunmu ɗaya da su, to wacce ce fatar Indiyar? Abin da suke nufi dai fata ce mai saurin yin tabo da kuma zafi da gumi na ƙasar. Ni mai ruwan wardi da neem nake shafawa tun zuwana, tawa ma mai maiƙo ce, ta rage min ƙyallin goshi sosai amma maganar Allah ba ta kashe ƙuraje ba, sai da na ga likitan fata ya ba ni wani abu daban. Kuma ruwan famfon unguwarmu mai gartsi ne, sabulu ma ba ya kumfa sosai, in ka wanke fuska sai ka ji ta ɗaure, to nan ne tonar take min amfani.

Hajiya Binta:
Ni dai ba ta karɓe ni ba sam. A kasuwa na saya nan Kano, koriyar kwalba mai hoton ganye, ƙamshi kam ba a magana. Da na zuba a auduga na goga sai na ji sanyi har da ɗan raɗaɗi, mai shagon ya ce ai alamar tana aiki kenan. Lokacin hunturu ne kuwa, kafin ka ce me gefen hancina da kumatuna sun fara saɓa, wajen ya yi ja yana ƙaiƙayi, da ya lafa kuma sai ya bar min baƙi baƙi kamar an ɗiga min tawada. Ƙaiƙayin bai daɗe ba, tabon ne ya ɗau watanni ina fama, duk bikin da zan je sai na labta hoda.

Anti Rabi mai kyamis:
Hajiya sannu, kin tuna abin da aka rubuta na biyu ko na uku a jerin kayan haɗin?

Hajiya Binta:
'Yata ta duba min daga baya ta ce alkohol ne na biyu bayan ruwa.

Anti Rabi mai kyamis:
To shi ne ya yi miki wannan aika-aikar. A ƙa'ida ana jera kayan haɗi ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, saboda haka in kin ga alkohol a sama sama, ganyen kuma can ƙasa kusa da turare, kin san me kika saya. Sanyin da kika ji alkohol ɗin ne yake tashi daga fata, yana tafiya da danshinta. A Mumbai ko Chennai da iska ke cike da laima mai fata mai maiƙo za ta iya sha da shi, amma Kano a watan Janairu? Ina! Mu da su abu ɗaya ya haɗa mu, fata mai duhu duk abin da ya fusata ta sai ta ƙara fitar da baƙi a wajen, shi ya sa raɗaɗi kaɗan yake komawa tabo.
Sannan ku lura da wani abu da ake rubutawa witch hazel, yana yawan shiga tonar Indiya amma asalinsa itacen Amurka ne, yana tsuke fata, mai maiƙo yana mata daɗi, mai busasshiyar fata kuwa ta yi nesa da shi musamman in an haɗa shi da alkohol. Mai busasshiya ta nemi wadda giliserin da alobera suke sama. Sai man ɓawon lemon tsami, shi kuma in kin shafa kika shiga rana yana iya ƙona fata. Fatar mutum pH ɗinta, wato ma'aunin tsaminta, wajen 4.5 zuwa 5.5 ne, tona mai kyau nan take tsayawa, wasu kamfanonin ma suna rubutawa a jiki.

Maman Afnan:
Allah ya saka da alheri anti. Na duba tawa yanzu, babu alkohol, giliserin ne na uku, amma akwai turare can ƙarshe.

Anti Rabi mai kyamis:
Ba laifi. Ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ko cikin hannu ki bar shi awa 24 zuwa 48, in bai yi ja ko ƙaiƙayi ba sai ki kai fuska, sau ɗaya a rana tukuna.

Ummi Lucknow:
Ni maganar ruwan wardin ce ta jawo ni. Mun taɓa zuwa Kannauj da ƙawayena, wani gari ne a jihar Uttar Pradesh da ya shahara da turare tun tale-tale, na ga yadda ake yinsa da idona. Da sassafe ake kawo furen a buhu tun rana ba ta taɓa shi ba, a juye cikin wata ƙatuwar tukunyar tagulla da suke kira deg, a zuba ruwa, a liƙe murfin da yumɓu yadda tururi ba zai tsere ba, a hura wutar itace a ƙasa. Tururin sai ya bi ta wani bututun gora ya gangara cikin wata tukunyar mai dogon wuya da ke zaune cikin ruwan sanyi, wani dattijo yana tsugune yana taɓa jikinta da tafin hannu yana ce wa yaro a rage wuta. Abin da ya fito fari ne kamar ruwan sha, ƙamshin ma a hankali yake zuwa. To tun daga nan duk wanda na gani ruwan hoda mai ƙamshi yana hawa kai na san kala ce da turare aka zuba. Ni fatata ba ta son wargi ko kaɗan, ko sabulu na canza sai ta nuna, amma na tururin nan bai taɓa min komai ba, a firij nake ajiye shi in dinga fesawa lokacin zafin Mayu da Yuni.

Abban Sultan:
Hajiyoyi a yi min afuwa na shigo muku. Ni ta madam nake sata in na yi aski, mai neem da tulsi ce, ƙurajen gemu sun ragu ba laifi. Abin da ya ban dariya da na gane neem ɗin darbejiya ce, ga ta nan ƙofar gidanmu tana zubar da ganye muna sharewa, mu kuma muna sayo ruwanta da dala.

Zee Bangalore:
Yaya ai daga can aka kawo mana ita zamanin Turawa, to ka ga bashi suke karɓa hhh. Tulsin ma 'yar uwar ɗoɗɗoya ce.

Maman Ikram Maraɗi:
To in haka ne me zai hana mu dafa bedi, wato darbejiyar, a gida mu tace mu shafa? Kakata haka take wa yara wanka in sun yi ƙuraje. Ni wadda na taɓa gwadawa mai kurkum ce, fuskar lafiya lau amma duk farin hijabina gefen fuska ya koma rawaya, wanki ya ƙi fitar da shi, dole na haƙura.

Anti Rabi mai kyamis:
Za ki iya dafawa amma ki yi ta ranar kawai, ruwan ganye ba shi da abin hana lalacewa, ya kwana biyu a zafin nan ƙwayoyin cuta sun cika shi, kuma in ya yi ƙarfi shi ma yana busar da fata. Waɗancan dogayen sunayen da Maman Afnan ta kasa karantawa wasunsu aikinsu kenan, ba duka ne abin tsoro ba.

Anti Sa'a:
Ni sayarwa nake amma ba talla na zo ba. Kwastomomina rabinsu tambayar farko ita ce tana sa haske? Tona ba ta sa haske 'yan uwa. Indiyawan ma da suke son farar fata surutu ya yi yawa har sunan kirim ɗin haske na Fair & Lovely ya koma Glow & Lovely a 2020. In kin shafa wata "ta ganye" kika ga kin yi fau cikin sati, to an zuba wani abu da ba a rubuta ba, galibi irin haɗin da ake ɗurawa a kwalba babu sunan kamfani babu lamba, kuma likitocin fata a Indiyar suna ta kuka da matan da kirim mai sitiroyid ya lalata wa fuska. Ku duba ranar yi da ranar lalacewa, ku duba lambar NAFDAC in a Najeriya kuka saya. Akwai katan da aka taɓa kawo min ya sha rana a hanya, da na buɗe ɗaya ruwan ya yi gurɓi gurɓi yana warin tsami alhali saura wata takwas a jiki, gaba ɗaya na mayar wa dilan, har yau muna rigimar kuɗin.