Kwana uku a Turai da abokai: birni ɗaya ko uku?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne, abokan juna tun muna makaranta, kuma mun samu hutun kwana uku a watan Mayu da muke son yi a Turai. Biyu daga cikinmu sun dage sai mun haɗa Paris da Brussels da Amsterdam a tafiya ɗaya, tunda jirgin ƙasa na Eurostar yana bi ta biranen uku, kuma bizar Schengen guda, wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, ta wadatar. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin ina tsoron mu dawo ba mu ga komai ba sai tashoshin jirgi. Don Allah waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya su ba mu shawara.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Tsoron nan naka yana kan hanya. Gaskiya ne daga Paris zuwa Brussels bai kai awa ɗaya da rabi ba, Amsterdam kuma awa uku da 'yan mintuna, amma ɗaure kaya da barin otal da jan akwati a neman sabon masauki su ne ke cinye rabin yini ba a sani ba. Ku tsaya a Paris, domin ita kaɗai ta fi ƙarfin kwana uku.

Sannan ku lura da ranaku. Mu mun isa gidan tarihi na Louvre da sassafe ranar wata Talata, muka tsaya gaban dalar gilashin nan da ke mashigarsa ana yayyafi, sai a lokacin muka ji cewa Talata ce ranar da ake rufe shi. Har yau abin yana yi mini ciwo, don washegari muka bar garin. Shi kuwa gidan tarihi na Orsay ranar Litinin yake rufewa. Hasumiyar Eiffel, wadda aka kammala a 1889, ku sayi tikitinta ta intanet tun kafin ku taso, in ba haka ba layi zai cinye muku hantsi. Idan Juma'a ta riske ku a can, ku yi salla a Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926, ku sha shayin na'a-na'a a farfajiyar da ke gefensa, sannan ku ratsa lambun Jardin des Plantes a ƙafa.

Hajiya Rabi: Na yarda da Malam Habibu, sai dai a ganina ba yawan birane ne ke ɓata irin wannan tafiya ba, rashin yin magana tun farko ne. A cikin mutum huɗu ba a rasa wanda zai so ya wuni yana kallon zane-zane, da wanda bayan awa guda ƙafarsa ta gaji, shi kasuwa yake so. Ku yanke tun yanzu nawa kowa zai iya kashewa a rana, ku kuma amince cewa ba laifi ba ne a rabu bayan azahar a haɗu wajen cin abincin dare. Abokanka biyun nan ma kada a danne su: suna iya tafiya Brussels da safe ba tare da kaya ba, su ga dandalin Grand-Place, su dawo su kwana a Paris. Kuma ku duba tikitin jirgin sama mai araha da kyau, domin wasu a filin jirgin sama na Beauvais suke sauka, wanda ya fi kilomita 80 daga Paris.

Aminu: Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Na karanta wa abokaina, kuma sun haƙura da Amsterdam. Brussels kuwa za su je ranar ƙarshe, mu biyu mu shiga Louvre. A wace unguwa ya kamata mu nemi masauki?

Malam Habibu: Tunda daga tashar Gare du Nord jirgin Brussels yake tashi, ku nemi wurin da jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ku can ba tare da canji ba. Layi na 4, wanda ke bi ta tashar, yana ratsa tsakiyar birnin, har da tsibirin da cocin Notre-Dame yake.