Yini ɗaya a kwarin Loire: ina za mu kai Baba?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Baba ya zo mana ziyara daga Maraɗi, yana son ganin tsofaffin gidajen sarautar Faransa na wajen kogin Loire. Yini ɗaya gare mu, kuma gwiwarsa ba ta son hawa. Ina za mu nufa?

Alhaji Maigini: Wa alaikumus salam. Hajiya, Chenonceau kawai. Gida ne da aka shimfiɗa a kan kogin Cher, ƙafafunsa cikin ruwa. Sarki Henri II ya ba masoyiyarsa Diane de Poitiers shi a 1547, ita ta sa aka yi gadar. Da sarkin ya rasu a 1559, matarsa Catherine de Médicis ta karɓe gidan, ta ɗora doguwar baranda a kan gadar kishiyar tata, tsawon mita 60. Har lambun ma kowacce da nata. Ki kai Baba bakin taga, ruwa na bi ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ɗakin girki dai a ƙasa yake, sai an sauka matakala, ku bar masa shi.

Auta: Chambord fa, Yaya? Ai ya fi girma.

Alhaji Maigini: Girman ne matsalar. Abin kallon can matakala ce mai murɗiya biyu da kuma saman soro. Wa zai hau da tsoho?

Malama ta Tours: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. In manomi ne, ni Villandry zan ce. Wani likita ɗan Sifaniya, Joachim Carvallo, ya sayi gidan a 1906 ya sake tsara lambun. Akwai fangali tara manya, an jera kabeji, karas da latas launi-launi kamar aikin babbar riga, sau biyu ake sake shuka a shekara. Sai dai zanen bai fitowa sosai sai daga sama.

Uwar Biyu: Manomi ne kam, har da na rani! Amma wannan "daga sama" ɗin ya ba ni tsoro, Malama.

Malama ta Tours: To ku fara da Chenonceau da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Jirgin ƙasa daga birnin Tours kusan rabin awa ne, tashar na dab da ƙofa. In gwiwa ta yarda, Villandry bayan Azahar, amma can sai da mota.

Uwar Biyu: Madalla, Allah ya saka. Bari in ji ta bakin maigida kan motar.