Neman shawara: lru_cache ko Redis don adana sakamakon lissafi?

Ɗalibin Python:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da manhaja da na rubuta da Python, tana da wani fankishin da ke haɗa rahoto daga rumbun bayanai, kuma yakan ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa kafin ya kammala. Bayanan ba sa canjawa sai sau ɗaya cikin dare, amma mutane na neman rahoto iri ɗaya duk tsawon yini. Manhajar tana gudana a kan ma'aikata huɗu na Gunicorn, wato sabar Gunicorn tana gudanar da kwafi huɗu na manhajar a lokaci guda. Shin lru_cache, kayan aikin Python da ke haddace amsoshin fankishin, zai ishe ni, ko kuwa sai na girka Redis, wata manhaja ta daban da ke adana bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura?

Mai Son Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ka ɗora lru_cache kawai, layi ɗaya ne. Dubi jerin lambobin Fibonacci, inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce: idan fankishin yana kiran kansa ba tare da haddace komai ba, lissafa lamba ta 40 na buƙatar kira fiye da miliyan 300, amma idan yana haddacewa, amsoshi 41 kaɗai zai lissafa. Dabarar ba sabuwa ba ce, masanin kwamfuta Donald Michie ya raɗa mata suna "memo functions" tun 1968.

Uwar Bayanai:
Malam, Fibonacci ba ya canjawa da dare. Shi lru_cache bai san lokaci ba, yana zubar da amsa ne kawai idan wuri ya cika, kuma iyakarsa amsoshi 128 ce idan ba a canja ba. Bugu da ƙari, kowane ma'aikaci yana riƙe da tasa ma'ajiyar, don haka za a lissafa rahoto ɗaya sau huɗu.

Tsohon Hannu:
Ni dai duk wanda ya ambaci ma'ajiyar wucin gadi sai gabana ya faɗi. A wani kamfani da na yi aiki, wanda na gada ya haddace sakamakon shafin asusu, amma mabuɗin da ya yi amfani da shi, wato alamar da ake nemo amsa da ita a ajiya, adireshin shafin ne kaɗai, bai haɗa da lambar mai asusun ba. Duk wanda ya fara buɗe shafin, bayanansa ne sauran mutane ke gani har wa'adin ajiyar ya ƙare. Gwaji bai kama matsalar ba domin mai gwajin da asusu ɗaya yake shiga. Ranar da ƙorafi ya fara shigowa, ni aka tasa a gaba, na kwana ina bincike, shugabanni suna ta kira, kuma a ƙarshe sunana aka rubuta a rahoton, alhali layin da ya jawo ɓarnar ya riga ni zuwa wurin. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Injiniyan Sabar:
Allah ya kiyaye gaba, Yaya. Amma laifin mabuɗi ne, ba na dabarar ba. Ga mai tambaya kuwa, Redis ƙarin kashe kuɗi ne, domin sai ka biya wata sabar daban.

Uwar Bayanai:
Ba dole ba ne. Ana iya girka shi a kan na'urar da manhajar take, kuma ƴan rahotanni ba za su cinye RAM ba. Da umarnin EXPIRE sai ka sa wa kowace amsa wa'adi.

Injiniyan Sabar:
Hajiya, lokacin da za a ɓata wajen kula da shi ba kuɗi ba ne? Wanda bai taɓa tashi cikin dare saboda sabar ta faɗi ba, bai kamata ya kira abu kyauta ba.

Uwar Bayanai:
Yawan tashin dare ba hujja ba ne. A duba tambayar a ga wa ya amsa ta.

Baƙon Zaure:
Ai dama masu sana'ar nan suna cewa abubuwa biyu ne masu wuya a kimiyyar kwamfuta: goge ajiyar da ta tsufa, da raɗa wa abubuwa suna. Ga shi kun fara da na farkon, saura mu yi rigima a kan sunan fankishin ɗin.

Tsohon Hannu:
Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗora ajiya ba tare da sun rubuta ko layi ɗaya na bayani ba. Sai ka gyara lissafi, ka ga amsa ba ta canja ba, ka yini kana zargin gyaranka, ashe tsohuwar amsa ce ake dawo maka da ita.

Injiniyan Sabar:
Haka ma burauza take yi. A sabunta fayil ɗin JavaScript, masu amfani su ci gaba da ganin tsohon, sannan a umarce su da su goge ajiyar burauzarsu, maimakon a canja sunan fayil ɗin a duk sabuntawa ko a daidaita Cache-Control, wato umarnin da ke faɗa wa burauza tsawon lokacin da za ta ajiye fayil, yadda ya kamata.

Ɗalibin Python:
Na gode muku duka. Amma idan na ɗauki Redis, in sa wa'adin awa 24 ne, ko in goge ajiyar da zarar sabbin bayanai sun shigo da dare?

Mai Son Lissafi:
Kafin wannan, ka gwada lru_cache, ka kira cache_info ɗinsa ka ga sau nawa ake samun amsa a ajiye tukuna.