Daga raba faɗan yara sai ga ni a caji ofis

Baban Walid: Salamu alaikum jama'ar gida. Wallahi raina a ɓace yake. Jiya bayan la'asar na fito zan koma shago sai na tarar da agolan gidan maƙwabcina ya danne Walid ɗina a bakin kwata yana ta jibga, kuma yaron nan ya girme shi nesa ba kusa ba. Na ɗaga shi na kai masa mari ɗaya, ɗaya tal, don ya shiga hankalinsa. Kafin magariba sai ga uwar yaron da ɗan sanda wai ana nemana a ofis, wai leɓe ya fashe haƙori na girgiɗi, sai da ƙanina ya zo ya yi belina. Ni tambayata, yanzu a ƙasar Hausa babba ba shi da ikon tsawata wa yaro kenan? Mu da muna yara duk wanda ya kama ka kana faɗa zane ka zai yi, ka je gida a ƙara maka. Ba cewa ake ɗa na kowa ne ba?

Ɗan Fagge: Allah ya kyauta yaya. Matan yanzu kenan, abu kaɗan sai caji ofis.

Maman Ilham: Baban Walid tsaya tukuna. Me ya kawo agola cikin maganar? Yaron ba shi da suna ne? Ɗan maƙwabcina kawai ai ya wadatar.

Baban Walid: Hajiya ai agolan ne, ƙarya na yi? Da shi uwar ta zo gidan.

Maman Ilham: Ba ka yi ƙarya ba amma ka tona abin da ke cikinka. Da ɗan maigidan ne na cikinsa wallahi hannunka ba zai ɗagu ba, sai dai ka je ka yi sallama da ubansa. Ka ga wanda ba shi da gata ka sauke masa, kuma ka zo nan kana mana ɗa na kowa ne.

Anti Zee: Gaskiya kenan! Ni agola ce, a gidan mijin uwata na tashi, na san abin da kalmar nan take yi wa yaro, a makarantar allo ma in an yi faɗa ita ake fara jefo maka, kuma manya ke koya wa yara. Annabi (SAW) ya riƙe 'ya'yan Ummu Salama a gidansa, Umar ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa na yawo a akushi, cewa ya yi da shi yaro ambaci sunan Allah, ka ci da dama, ka ci na gabanka. Da baki ya gyara masa.

Ɗan Fagge: To fa. Mutum ya kusa kwana a sel ku kuna ta agola agola. Kalmar Hausa ce ba zagi ba.

Anti Zee: Bazawara ma kalmar Hausa ce, je ka kira yayarka da ita a gaban mutane mu gani.

Ɗan Fagge: Ki bar sako yayata a ciki don Allah, ban sako taki ba.

Barista: Ku ɗan saurara in ba mai tambaya amsa. Yaya, a Penal Code da muke aiki da ita a Arewa tun 1960, sashe na 55 ya yarda da horon yaro ɗan ƙasa da shekara 18, amma ya faɗi su wa: uba ko uwa ko mariƙi, malamin makaranta kan ɗalibinsa, maigida kan yaron da ke koyon sana'a a hannunsa. Babu maƙwabci a ciki. Su ɗin ma da sharaɗin kada a yi mummunan rauni. Ɗaga shi da ka yi daga kan ɗanka ba laifi ba ne, doka ta ba ka damar kare kanka da kare wani, amma daidai abin da zai tsayar da cutarwar. Marin da ya biyo baya bayan ka riga ka raba su shi ne matsalar. Kuma ka yi addu'a haƙorin nan ya zauna, don sashe na 241 ya sa karyewar ƙashi ko gocewar haƙori cikin mummunan rauni, hukuncinsa na iya kai wa shekara 7. Shawarata ka biya kuɗin asibiti, ka nemi mai unguwa da dattawa a yi sulhu kafin takarda ta je gaban majistare.

Ɗan Fagge: Dokar Turawa kenan. Mu musulmi ne.

Malam Na Bakin Kasuwa: Ɗan Fagge in shari'a kake so ai ta fi tsanani a nan. Suratul Ma'ida aya ta 45, haƙori da haƙori. In aka koma diyya kuma raƙuma biyar ne kowane haƙori, yana cikin takardar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru bn Hazm, Imamu Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa. Sai dai in yaron bai yi famfara ba malamai sun ce a jira a ga ko zai sake fitowa.

Sarkin Zolaya: Raƙuma biyar?? Baban Walid ranar Alhamis sai Maigatari, ka tafi da takardar shago 😂

Baban Walid: Ba abin dariya ba ne malam. Kuma haƙorin bai fita ba, girgiɗi aka ce.

Maman Ilham: Barista don Allah tambaya, shi mijin uwar yana cikin mariƙan da ka ce?

Barista: In a hannunsa yaron yake shi ke kula da shi, eh zai iya shiga.

Ɗan Fagge: Kun ji ko! Ashe doka ma ta san agola. To maigidan ai bai kai ƙara ba, yaya ya gaya min a waya cewa ya yi a bar maganar, matar ce ta tsallake shi ta tafi. Wannan ita ce tarbiyyar?

Anti Zee: Dole ya ce a bar maganar mana, jininsa ne? Da ɗansa ne da shi zai riga ta zuwa. Abin da muke faɗa tun ɗazu kenan, agola in uwarsa ba ta tsaya masa ba babu mai tsaya masa.

Kawu Direba: Ni nan agola biyu nake riƙo kuma wallahi ban taɓa bambanta su da nawa ba, kuɗin makaranta ɗaya kayan sallah ɗaya, amma kullum in aka tashi magana mijin uwa ne azzalumi, ba wanda yake faɗin yadda uban yaron yake zaune yana shan shayi ko sisi ba ya aikowa sai yaro ya girma ya zo yana cewa ɗansa. Ku matan nan ku riƙa adalci.

Anti Zee: Kawu ba da kai nake ba, Allah ya saka maka. Amma irinku nawa ne?

Kawu Direba: Muna da yawa, ku ne ba kwa gani.

Sarkin Zolaya: Ni dai ina so in san wa ya fara tsokana, Walid ɗin nan da na sani ba kanwar lasa ba ne.

Baban Walid: Kai kuma ka kiyaye ni. Ɗana ba ya faɗa.

Barista: Wa ya fara ba zai taimaki yaya ba. Kuma Kano ta samu dokar kare yara tun 2023, ba kamar da ba ne da za a ce yara ne a share. Af, beli kyauta ne a doka, in an karɓi wani abu a hannun ƙaninka...

Ɗan Fagge: Barista kyauta a takarda dai 😂 kai ka taɓa ganin na kyautar?

Maman Ilham: Har yanzu dai bai janye kalmar ba.

Baban Walid: Ba zan janye ba Hajiya. Agola ne.

Admin: To ya isa haka, saƙo ya yi yawa. Ga abin da aka tsayar: Baban Walid bai yi laifi ba da ya ceci ɗansa, Barista ma ya tabbatar doka ta ba shi dama. Uwar yaron ta yi gaggawa da ta tsallake mijinta da mai unguwa. Agola kalmar Hausa ce, iyayenmu mata su rage saurin fushi. Batun raƙuma bai taso ba tunda haƙori na nan. Yaya ka je a yi sulhu, mu 'yan layinku za mu raka ka bayan isha'i.

Barista: Admin ba haka na ce ba fa, ka cire rabin maganata, na ce marin

Admin ya sauya saiti, admin kaɗai ke iya tura saƙo.