"Doka ta halatta": rigimar tsiro shida a kicin ɗin Nura

Nura Hamburg: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Kun san gida ɗaya muke haya da wani yaro Bajamushe, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki na haɗaka. Sati biyu da suka wuce na dawo daga aikin dare na tarar da kofunan roba shida a jere kan teburin kicin, cike da ƙasa, an rufe bakinsu da leda. Na zaci tumatir ne ko barkono. Bayan kwana huɗu suka ɓullo, kowanne da 'yan ganye biyu masu santsi kamar na kowane tsiro, har ni ma nakan leƙa in ga yadda suka kwana. Sai da ganye na gaba ya fito da baki kamar haƙoran zarto na tambaye shi. Ko gezau, ya ce wiwi ce. Ya rataya musu fitila mai kashe ido, awa 18 tana ci kullum, ga 'yar fanka a gefe, kuma kuɗin wuta rabawa muke yi. Inda nake ajiye tukunyar shinkafata ya zama lambu. Abin da ya fi ƙona mini rai, jiya ya ce tunda doka ta halatta wa kowane baligi tushe uku a gidan da yake zaune, in wani ya tambaya in ce uku nawa ne. Ni, da sunan ubana a kaina, in ce ina noman wiwi? Ku ba ni shawara, in tashi ne ko in tsaya mu yi ta ta ƙare?

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Nura, kafin a je ko'ina ka janye kalma ɗaya. Ka ce doka ta "halatta". Majalisar Jamus ba ta da ikon halatta komai. Halattawa da haramtawa na Allah ne. Ka ce sun daina kama mai yi, wannan mun ji.

Nura Hamburg: Malam, maganar yaron na maimaita muku.

Malam Sabi'u: Da Jamusanci ya faɗa maka, kai ka zaɓo masa kalmar Hausa. Yaranmu suna karanta abin da muke rubutawa a nan.

Barista Hadiza: Allah ya gafarta Malam, kullum a labaran rediyo ana cewa "halattacciyar gwamnati" da "haramtacciyar ƙungiya", ba wanda ya taɓa cewa an taɓa addini. Nura, ka saurare ni, don maganarka akwai haɗari a cikinta. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 2024. Wanda ya kai shekara 18 yana iya riƙe tushe uku a inda yake zaune, giram 25 a aljihu in ya fita, giram 50 busasshiya a gida. Amma don amfanin kansa kaɗai aka yarda, ba a ba wani, ko da kyauta ne, kuma dole a killace ta yadda yara da waɗanda ba nasu ba ba za su kai gare ta ba. Ka ga ke nan in ka ce uku naka ne shi kuma ya girbe ya sha, kai ne ka miƙa masa, ka shiga laifin da ba ka ci ba ba ka sha ba. Kada ka yarda, ko da wasa.

Malam Sabi'u: Barista, 'yan rediyo ba hujja ba ne a addini. Da irin wannan sakacin ne aka wayi gari ana kiran riba "kuɗin ruwa" har mutane suka daina jin nauyinta.

Ɗanlami Kadawa: Ni tambayata daban ce. Awa 18 na wuta a kan tsiron da bai fi yatsa ba? Mu nan muna rainon irin tumatir dubbai a fili, ciyawa kawai muke shimfiɗa masa har ya fito, rana ta Allah ta yi sauran. Wannan wane irin noma ne?

Nura Hamburg: Yaya Ɗanlami, nan a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma duhu ya yi, kuma ranar ma ba ta da ƙarfi. Ya ce in haske ya yi musu kaɗan sai su yi ta miƙewa su zama siraran zare su faɗi.

Ɗanlami Kadawa: Wannan gaskiya ne, ko tumatir ka raina a inuwa haka yake yi.

Ustaz Kabiru: Ina bayan Malam Sabi'u ɗari bisa ɗari. Hadisi ya tabbata cewa duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Shaihul Islam Ibn Taimiyya ya yi bayani a kan wannan ganye tun ƙarni bakwai da suka wuce, ya ce hukuncinsa hukuncin giya ne, har haddi ake yi wa mai shan sa, kuma najasa ne. Don haka Nura, ka bincika sallolin da ka yi da kayan da ka shiga kicin ɗin nan da su.

Malam Tijjani: A'a Kabiru, kada ka jefa yaro cikin waswasi. Mu Malikawa ne. Imam Ƙarafi ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku: mai sa maye, mai ɓata hankali, da mai sa barci. Ya sa wannan ganye a gida na biyu. Shan abin da zai gusar da hankali daga gare shi haramun ne, ana ladabtar da mai yi, amma ba haddin giya ba, kuma ganyen ba najasa ba ne. Tsiro kore da ya fito daga ƙasa ta ina ya zama najasa? Sallarka lafiya lau, Nura.

Ustaz Kabiru: To ga shi nan, an fara. Yau an ce ba najasa ba ce, gobe a ce makaruhi ce, jibi a ce tana taimaka wa zikiri.

Malam Tijjani: Kabiru, ka iya bakinka. Ina karantar da Risala kana goye a bayan uwarka. Ka nuna mini inda na ce a sha.

Ustaz Kabiru: Ban kira sunan kowa ba, Malam. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Hajiya Balaraba: Don Allah ku yi haƙuri da juna. Nura ɗana, ka tabbata ma wiwi ce? Ni da na je wa 'yata wankan jego a Ingila na shuka rama a bayan gida don kwaɗo, maƙwabciyarsu ta yi ta leƙe tana ɓata fuska, sai da surukina ya yi mata bayani. Ganyen rama in ya girma yatsu-yatsu yake yi sak irin na wiwi.

Dokta Aminu: Hajiya ta faɗi gaskiya, kamannin har a sunan rama na kimiyya yake, Hibiscus cannabinus, wato mai kama da wiwi. Amma dangin yakuwa da kuɓewa ce, ba abin da ya haɗa su. Na Nura kuwa mai shi ya faɗa da bakinsa. Yanzu ganye ɗaya-ɗaya za ka gani, na gaba ya zo da yatsu uku, sai biyar, sai bakwai. Ƙaramin tsiro kusan ba shi da sinadarin THC mai bugarwa, yana taruwa ne a furen macen in ta girma, kuma lokacin ne wari zai cika gidan har kayan sawarka. Ka yi shawararka kafin a kai can. Ni abin da ke damuna shi ne yaran da muke kwantarwa a asibiti. Binciken da aka fitar a 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya. Wanda ya fara tun yana ɗan shekara sha-wani-abu, ya kuma riƙa sha kullum, shi ya fi shiga haɗarin taɓin hankali.

Mubarak Kumasi: Ku 'yan Najeriya kun cika tsoro. Mu a Ghana tun 2020 aka halatta, kuma ba mu ga sama ta faɗo ba.

Malam Sabi'u: Ga wani ma ya sake faɗa! Kun ga abin da nake gudu?

Barista Hadiza: Mubarak, ba haka ba ne. Abin da dokarku ta 2020 ta buɗe shi ne noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani, kuma sai da lasisi. Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2022 saboda yadda aka shigar da shi, majalisa ta sake zartar da shi a 2023. Ka jera kofuna shida a ɗakinka a zango ka ga ko 'yan sanda za su gaishe ka.

Mubarak Kumasi: Ko ma dai mene ne, mun riga ku. Ku da NDLEA, hukumarku mai yaƙi da ƙwayoyi, ke ƙona gonaki a dajin Ondo da Edo shekara da shekaru, an daina? Gwamnanku na Ondo ma, marigayi Akeredolu, har Tailan ya je a 2019 ya dawo yana cewa a yarda a noma ta don magani.

Sani Fagge: Kun riga mu a me? Mutumin da Hausarsa ma sai an yi mata gyara zai zo yana koya mana doka. A 1966 soja suka yi dokar da ta ce wanda ya shuka wiwi kisa ne ko ɗaurin aƙalla shekara 21, sai 1975 aka sassauta. Da an bar ta yadda take da ba mu ga 'yan daba a unguwanninmu ba.

Mubarak Kumasi: Hausata ta kakana ce da ya zo fataucin goro tun kafin a haifi naka. Kuma kai Sani, kowa ya san inda kake zama da yamma lokacin muna makaranta, kada ka sa in yi magana.

Sani Fagge: Yi maganar mana! In ka fasa ba ka haifu ba.

Hajiya Balaraba: Subhanallahi. Sani, Mubarak, ku ji kunyar idona.

Jamilu Toronto: Mu nan Kanada tun 17 ga Oktoba, 2018 ne, amma tushe huɗu ne ga gida gaba ɗaya, ko ku goma ne a ciki, kuma a Quebec an hana shukawa a gida sam. Da irin tamu ce da yaron nan bai sami ƙofar jawo Nura ba. Ni dai ban ce "halatta" ba, Malam, a shaida.

Ustaz Kabiru: Amma zama a ƙasar da ake wannan fa? Shi ma abin tambaya ne.

Jamilu Toronto: Ustaz, lokacin da ake tara kuɗin rufin masallacin unguwa ba ka tambayi daga wace ƙasa dalar ta fito ba.

Nura Hamburg: Jama'a, saƙo ya haura ɗari, Barista da Dokta ne kawai suka kalli abin da na tambaya. Yanzu na shiga kicin, biyu daga cikin shidan sun kwanta, gindinsu ya tsuke ya yi baƙi kamar an murɗe. Yaron yana zargin wai ni na zuba musu wani abu. Wallahi ban taɓa su ba.

Ustaz Kabiru: Allahu Akbar. Saura huɗu.

Ɗanlami Kadawa: Ba kai ba ne, ruwa ne ya yi musu yawa. Ƙasa ta jiƙe ba ta bushewa, ga leda, ga ɗumi, sai ruɓa ta kama gindin. Haka take kwashe mana irin tumatir da na albasa cikin dare ɗaya, ka zo da safe ka tarar sun zube kamar an bi su da reza. Ka ce masa manomi ya ce hannunsa ne ya kashe su, ya bar ɗora maka.

Malam Sabi'u: Ɗanlami, yanzu kai kuma gyara masa noman za ka yi?

Ɗanlami Kadawa: Malam, yaronmu nake wankewa daga zargi.

Alhaji Garba, shugaban zaure: To, ya isa haka, zan rufe. Ga abin da na fahimta. An yi ittifaƙi cewa Nura ya yi kuskuren lafazi, kuma Malam Sabi'u ya yi daidai da ya tsaya a kan kalmar nan, don ita ce tushen maganar. Daga yau a zauren nan a riƙa cewa "gwamnati ta ƙyale". Ustaz Kabiru ya kawo hujjoji masu ƙarfi, Malam Tijjani ma ya faɗi nasa ra'ayin. Barista ta yi mana dogon bayanin dokokin Turawa, mun gode, ko da yake ba su shafe mu ba. Mubarak ne ya fara tsokana, ya ba Sani haƙuri kafin gobe da azahar. Jamilu ya goge maganar masallaci. Shi kuma Nura, da ya nemi ɗaki wurin 'yan uwansa Musulmi tun farko kamar yadda na ba shi shawara bara, da duk wannan ba ta taso ba.

Malam Tijjani: Alhaji, "ra'ayi" ka kira maganar Imam Ƙarafi? Kuma ittifaƙin da wa aka yi shi?

Mubarak Kumasi: A koma sama a duba wanda ya fara zagin Hausar wani.

Nura Hamburg: Barista, na turo miki hoton takardar hayar ta lambarki. Don Allah ki duba mini ko wata uku ne sanarwar tashi, da kuma abin da ta ce a kan kuɗin wuta.